Mai Tsaya Min a Gindin Dutse

Salamu alaikum, mutanen kirki, har da ku mazan da kuke karantawa a ɓoye kuna cewa wayar ƙanwarku ce ta faɗo hannunku. Wanda bai san ni ba, sunana Dalal, 'yar gidan Mukhtaru mai tsire na titin Mansur, haifaffiyar Utaibiyya a nan Makka. Shekaruna ashirin da bakwai, ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti. Ina da fuska daidai gwargwado, na iya girki, ban taɓa ɗaga wa babba murya ba. Aibina ɗaya ne a duniya, in ji Ummi, kuma a tafin hannuna yake.

Hawan dutse nake yi. Kada hankalinku ya tafi kan waɗancan da suke ɗaure ƙugu da igiya su yi sama har ido ya daina ganinsu. Nawa ƙarami ne, boldarin ake ce masa. Curarren dutse guda za ki samu wanda bai fi tsayin ɗaki da rabi ba, ki shimfiɗa katifa mai kauri a gindinsa, ki cusa ƙafarki cikin wani takalmi da bai san tausayi ba, ki shafa farin alli a hannu, ki nemi hanyar kaiwa samansa da yatsu da ƙafa kawai. Babu igiya. In kin faɗo, katifar ce, sai kuma mutumin da ya tsaya miki a ƙasa. Yayana Turki ne ya ja ni ciki. Na fara a wani wurin motsa jiki na mata a Jidda, daga baya muka koma duwatsun Shafa, can saman Ɗa'ifa, duk ranar da ba ni da aiki.

Ummi ba ta taɓa yafe wa Turki ba.

"Kakanku da ƙafa ya tako daga Kano zuwa Makka," haka take farawa kullum. "Ya gina ɗaki a kan dutse don ba shi da halin fili a ƙasa. Ni na ƙare ƙuruciyata ina hawa da garwar ruwa a ka. Sai da Allah ya rufa mana asiri muka samu gida mai lifta, sannan ke kika ce dutsen kike so. Esh hada, ya binti? Wannan wane irin ci baya ne?"

Gaskiyarta ta wani fannin. Tafin hannuna ya yi kanta, in kika shafa shi sai ki ɗauka dutsen goge kaushi ne. Farcena kullum a yanke har ƙasa. A wurin biki in mata suna baje hannu ana yaba zanen lalle, ni nawa yana cikin hannun abaya.

To a haka Rakan ya gan ni.

Maganin hawan jinin mahaifiyarsa ya zo karɓa. Dogo ne, baƙi mai haske, farar jallabiyarsa ta sha guga har tana ɗaukar ido, ga ƙamshin turaren oud da yake riga shi shiga wuri. A wani otal kusa da Harami yake aiki, shi ne babba a wurin tarbar baƙi, don haka bakinsa ya saba da magana mai sanyi. Ya dawo karɓar maganin da bai ƙare ba, ya sake dawowa tambayar ko ana shan sa kafin abinci ne ko bayansa, alhali na rubuta masa a jikin kwalin da manyan baƙaƙe. A zuwa na gaba ya tambayi sunan mahaifina. Ba zan yi muku ƙarya ba, 'yan uwa, na kamu. Duk ranar da na ji ƙamshin oud a bakin taga sai na rikice wajen ƙirgen ƙwaya.

Aka sa ranar shofa, wato ranar da saurayi yake zuwa da mahaifiyarsa su ga yarinya a gidansu. Ummi ta sa aka dambara min jan lalle a tafin hannu har ya koma baƙi-baƙi, wai ya rufe asiri. Ta fito min da doguwar riga ruwan zuma mai aikin zare a wuya, ta turare ni har ina tari.

"In kin shiga, rungume ta za ki yi ki sumbaci kanta," ta ce. "Kada ki kuskura ki miƙa hannu. Kin ji ko?"

"Na ji, Ummi."

Mahaifiyar Rakan sunanta Mas'uda, muna ce mata Khala kamar yadda ake kiran duk sa'ar uwa a nan. Gajeriya ce kakkaura, tana da shagon abaya a Tandabawi, ita kaɗai ta raini 'ya'ya maza uku bayan rasuwar mijinta. An san ta da tsanani. Ana cewa 'ya'yanta ko 'yar kawunsu ba sa yi wa kallo biyu. Na shiga da tiren gahawa, na ajiye, na sunkuya zan rungume ta kamar yadda aka koya min. Sai kawai ta cafke hannuna, ta juya shi, ta sa babban yatsanta tana murza tafin kamar mai taya yadi a kasuwa.

"Ba ku da injin wanki ne a gidan?"

Ummi saura kaɗan butar gahawa ta suɓuce mata.

"Akwai, Khala," na ce. "Dutse nake hawa."

Na ce a raina shi ke nan, Dalal, koma ki ci gaba da ƙirgen ƙwaya. Sai na ji Rakan ya yi 'yar dariya, kansa a ƙasa.

"Ma sha Allah," ya ce. "Ni ko matakalar otal ɗinmu ba na iya hawa."

Khala ta sake min hannu ta ce "Hmm." Iyakar abin da ta ce ke nan, ta ɗauki dabino. Bayan kwana kaɗan suka aiko suna so, Abuya, wato mahaifina, ya tambaye ni, na rufe fuska da gyale, ya ce ya gane. Ya ba mu izinin yin magana ta waya kafin a sa ranar milka, wato ɗaurin aure.

Wayyo, saƙonnin Rakan! Mutumin da aikinsa shi ne lallashin alhazan da aka ba ɗaki marar kallon Ka'aba, ku ƙiyasta yadda zai lallashi budurwa. Har dutsen nawa ya nuna yana so.

"Wa ya ƙirƙiro wannan wasan naku?" ya rubuto wata rana ina hutun azahar.

Ni kuwa an taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Na zauna na zuba masa labari. Na ce asalinsa masu hawan manyan tsaunuka ne, irin masu igiya da ƙusa. Tun fiye da shekara ɗari, a Faransa da Ingila, in ba lokacin tafiya tsauni ba ne sai su je wurin ƙananan duwatsu kusa da gari suna gwada yatsunsu, don kada jiki ya yi sanyi. A wurinsu sharar fage ce kawai. Daga baya wasu suka ga ashe ɗan dutsen nan da aka raina yana da wuyar da tsaunin ba shi da ita, suka maƙale masa, suka manta da tsaunin gaba ɗaya. Aka zo da alli, aka zo da katifa, yau ga shi har a gasar Olamfik ana yin sa.

"Ajib, abin mamaki," ya rubuto. "To in mutum ya faɗo fa?"

Na yi masa bayanin mai tsayawa a ƙasa. Ba cafe ki zai yi kamar jaririya ba, babu mai iya wannan. Zai ɗaga hannuwansa ne, idonsa a bayanki, duk inda kika matsa ya matsa. In kika suɓuto, sai ya tura kafaɗarki ko bayanki ki faɗa kan katifa, kanki ya kuɓuta daga dutse. Ba mai ƙarfi ake nema ba. Wanda ba ya ja da baya ake nema.

Amsarsa ta shigo da jan fure uku da zuciya.

"Daga yau ni ne mai tsaya miki, ya Dalal. Da raina zan tare ki."

Na karanta ya fi sau nawa. Na ɗauki hoton saƙon na tura wa ƙawata Hanan, wadda muke hawa tare. Ita kuwa marar mutuncin sai ta turo min fuskar dariya ta ce, "Namiji a waya ai zaki ne." Na yi fushi da ita har washegari.

A gida kuma Ummi ta buɗe asibitin hannu. Ta aika wurin Maijidda mai kawo kaya daga Najeriya aka kawo man kaɗanya cikin roba, ta haɗa da man zaitun da wani abu da ta ƙi gaya min sunansa. Safe da yamma a shafe ni, a zura min safar hannu kamar mai shirin tiyata. Dutse kuwa an haramta min shi sai bayan milka. Cikin 'yan makonni kantar da na sha wuya na tara ta narke, hannuna ya koma lallausa kamar na jinjiri. Ummi tana shafa shi tana hamdala. Ni ina kallonsa ina jin kamar an yi min sata, don a wurin mai hawa laushin hannu ba ado ba ne.

Sai ga wayar Khala Mas'uda ana tsakiyar zafin Makka, irin wanda ko tattabarun Harami suke neman inuwa.

"Ya Saudatu," ta ce wa Ummi, muna ji don a lasifika take, "mu fita shan iska Shafa ranar Asabar, mu da ku. Mu ga wannan dutsen da ya cinye hannun yarinya."

Ummi ta ce to da bakinta, idonta kuwa yana kaina yana cewa in kin isa. Ta hana a gayyaci Hanan, wai fitar dangi ce. Ta hana a ɗauki kayan hawa. Da safen Asabar sai ga Turki yana cusa katifun nan biyu a bayan mota.

"Wannan fa?"

"Na zama ne, Ummi. Kin san bayan Abuya."

Takalmin da jakar allin suna ƙarƙashin kujerarsa, ni na sani, shi ya sani. Ni ma a ƙarƙashin abayata mai ruwan toka akwai riga har gwiwa da wando mai faɗi. Ban yi niyyar hawa ba, Allah ya sani. Amma mai zuwa bakin rijiya ba ya barin guga a gida.

Muka bi hanyar Hada, motar tana nannaɗe tsauni, birai a bakin titi suna jiran wanda zai yi sakaci da ledar burodi. Muna isa Shafa iska mai sanyi ta daki fuskata, na ji kamar na dawo gida. Aka shimfiɗa darduma a ƙarƙashin bishiya. Abuya ya hura gawayi ya jera tsirensa, don shi ko a hutu bai yarda wani ya taɓa masa nama ba. Khala ta buɗe tukunyar salig, shinkafar nan da ake dafawa da madara, Rakan yana zuba wa kowa shayi da na'ana'a, yana satar kallona ta gefen butar. Komai ya tafi daidai, har Ummi ta fara sakin jiki.

Dutsen nawa yana can gefe, jifa kaɗan daga inda muke. Tulu muke ce masa saboda cikinsa ya bultso. Tun sanyin bara nake fama da wata hanya a jikinsa ban kai ba. Daga hagu ake farawa, a bi ta gefe zuwa dama, sannan a haye ta kan cikin tulun. Wurin hayewar shi ne mugun, don a ƙasansa akwai wani ɗan dutse mai tsini da ya leƙo daidai bakin katifa. Shi ya sa mutum biyu suke tsaya min, Turki a hagu, Hanan a dama.

Khala ta gama cin abinci ta goge hannu, ta nuna shi da haɓa.

"Wancan ne?"

"Shi ne, Khala."

"To hau mu gani."

Ummi ta shaƙe da shayi. "Ya Mas'uda, ai ta daina. Ko takalmin ba ta zo da..."

"Yana mota," in ji Turki, ɗan albarka.

Abuya bai ɗago daga kan gawayinsa ba ya ce, "Tunda babba ta ce a hau, a hau."

Na ce ba zai yiwu ba, mutum biyu nake bukata a ƙasa. Ban rufe baki ba Rakan ya miƙe, ya naɗe hannun jallabiyarsa har gwiwar hannu, ya cire agogo ya ba mahaifiyarsa. Ku zo ku ga yadda zuciyata ta yi. Duk abin da na sani game da laushin hannuna da makonnin da na yi ban taɓa dutse ba, sai ya bi iska. So nake ya gan ni a sama.

Turki ya gyara katifu, ya nuna masa yadda ake tsayuwa, ƙafa ɗaya gaba, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannu sama, yatsu a haɗe. Na cire abaya na ɗaure ɗankwalina tam, na sa takalmi. Da na zo wucewa ta gabansa na rage murya.

"Rakan, in na faɗo a nan, sai ka taɓa bayana. A gaban Khala, a gaban Abuya. Ka gane?"

"Ba za ki faɗo ba, in sha Allah."

"Ba ita na tambaye ka ba."

Ya yi murmushin nan nasa na tarbar baƙi. "Ina nan, ya Dalal."

Wata mai hankali da a nan ta cire takalminta. Ni alli na shafa.

Farkon hanyar jikina ya tuna ta da kansa. Yatsu uku a wata 'yar tsaga, diddige a maƙale, na ja jiki zuwa dama. Dutsen ya yi sanyi, yana kama takalmi yadda ake so. Ina jin Turki yana cewa "Yalla, yalla, saura kaɗan," ina jin Ummi tana jero Ya Latifu kamar wadda jirgi yake girgiza da ita. Amma tun a tsakiya na san akwai matsala. Fatar yatsuna tana zafi kamar na dafa tukunya. Abin da dā nake riƙewa ba tare da na ji ba, yanzu yanka ni yake yi. Na bar sashen Turki, na shiga na Rakan. Na kai ƙarƙashin cikin tulun, inda ban taɓa wucewa ba, na tattara abin da ya rage min na wurga hannun dama sama. Na kama bakin. Wallahi na kama shi, na ji shi a tafina.

Sai fatar ta yage.

Masu hawa sun san faɗuwa ba ta da tsawo, amma ido yana ganin komai a cikinta. Na juyo da baya-baya, kaina ya nufi wajen ɗan dutsen mai tsini. Na ga farar jallabiya a ƙasana. Na ga hannuwa biyu a sama, daidai yadda Turki ya koya. Sannan na ga hannuwan sun sauka sun koma bayan mai su, jallabiyar ta matsa baya, na ji muryar nan mai sanyi ta ce, "Astagfirullah!"

Wani abu ya bangaji kafaɗata da ƙarfin gaske. Na faɗa kan katifa da gefe, ƙafata ta dama ta sauka a waje ta lanƙwashe. Da na buɗe ido, ɗan dutsen yana nan kusa da kunnena, bai fi tafin hannu tsakaninmu ba. A gefena Khala Mas'uda ce zaune daɓas a ƙasa, abayarta ta yi buɗu-buɗu, tana riƙe da wuyan hannunta na hagu. Ashe tasowa ta yi da kofin shayinta don ta gani da kyau. Kofin yana can ya tarwatse.

"Kanki?" ta ce, tana haki.

"Lafiya lau, Khala."

"Alhamdu lillahi." Ba ta kalli ɗanta ba.

A asibitin Ɗa'ifa aka ce ni targaɗe ne, ita kuwa ƙashin ya tsage, aka sa mata filasta. Rakan ya yi ta kai da kawo, shi ne karɓo magani, shi ne kawo ruwa, shi ne turo keken marasa lafiya. Idonsa ya yi ja. Duk wanda ya gan shi a wannan yammacin zai ce babu saurayin da ya kai shi kula.

Ni na ɗauka maganar aure ta mutu a gindin Tulu, tunda na karya musu uwa. Ashe ban san mutanena ba. Kafin azahar ɗin washegari labari ya zaga Utaibiyya da Mansur har ya tsallaka Jidda, kuma ba labarin faɗuwata ba ne. Labarin Rakan ne. Ina kwance ƙafata a kan matashi ina jiyo Ummi a falo tana waya da ƙannenta ɗaya bayan ɗaya.

"Ke dai bari, ya ukhti! Yarinya tana faɗowa a gabansa, amma yaron nan ya tuna ba a ɗaura ba. Ko ɗan yatsa! A wannan zamanin! Wallahi irin tarbiyyar Mas'uda sai dai a yi mata addu'a."

Gwaggona ta turo saƙon murya tana kuka, wai ta ga waliyyi a zuriyarmu. Wata ta ce a yi maza a ɗaura kafin wasu su ji su yi mana shigar sauri. Gidan su Rakan ma suka aiko cewa suna so a matso da milka. Babu wanda ya tambayi nisan da ke tsakanin kaina da dutsen. Turki kaɗai ne ya shigo ya ajiye min takalmina a gefen gado, ya tsaya kamar zai yi magana, ya fita yana huci.

Bayan la'asar sai ga Khala da kanta, hannu a rataye a wuya. Ta ce wa Ummi tana son ganina ni kaɗai. Ta zauna a bakin gadona, ta daɗe tana kallon yatsana da aka naɗe.

"Tun yana ƙarami nake gaya masa macen da ba muharramarsa ba kada ya kusance ta," ta ce. "Ya ji. A cikin 'ya'yana babu mai jin magana kamarsa." Ta gyara zaman hannunta, ta ɗan yamutsa fuska. "Ban taɓa zaton sai na zauna na gaya masa in rai ne a gabansa ya ajiye wannan ba. Na ɗauka wannan kowa da shi ake haifarsa."

Hawaye ne kawai suke bin kunnena.

"Ina son ki zama surukata, ya binti. Tun ranar da kika ce min dutse kike hawa, uwarki tana harararki, na so ki. Yana sonki shi ma, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ni tsohuwa ce, kuma hannu ɗaya ya rage min. Ki yi tunani da kyau."

Ta sumbaci goshina ta fita.

Kun san zuciya ba ta da kunya. Tana fita na fara kare shi. Na ce ƙiftawar ido ce, sabo ne, ba mugunta ba. Na ce wanda aka yi wa tarbiyya shekara talatin ba zai warware ta a cikin daƙiƙa ba. Na ce ai bayan milka ni halalinsa ce, hannuwan nan ba za su sake komawa baya ba. Ina son shi, 'yan uwa, har a wannan lokacin ina son shi, kuma so nake ya ba ni ko da ƙaramin dalili ne in riƙe. Na ɗauki waya. Saƙonninsa sun taru, addu'o'i da furanni, da wani dogo da yake cewa ya gode wa Allah da ya ba shi ikon kiyaye mutuncina a gaban iyayenmu. Na rubuta da yatsan da ya rage min lafiya.

"Rakan, tambaya ɗaya. Bayan milka, in na faɗo, za ka tare ni?"

Ya karanta nan take. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na riƙe numfashi kamar ina ƙarƙashin cikin Tulu.

"Habibti, bayan milka kuma wane hawa? Jiya ai Allah ne ya nuna miki. Ni ma don mahaifiyata ta ce tana son gani ne na ƙyale."

Da jan fure uku a ƙarshe.

Ina riƙe da wayar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Abuya ne, da hularsa a hannu, ƙamshin hayaƙin tsire yana binsa. Ya tsaya daga bakin ƙofa kamar baƙo.

"Dalal, mutanen nan suna jiran amsa. Ni ba zan ce musu komai ba sai abin da kika ce."

"Abuya, shigo ka rufe ƙofar."

Ya rufe, ya zauna inda Khala ta tashi. Na san in maganar ta fita ƙamshin oud ya bar rayuwata ke nan. Duk da haka na faɗe ta.

"Ka ce musu a'a."

Ya daɗe yana juya hular a hannunsa. Na ɗauka zai ce in sake tunani, ko in yi istihara.

"Na gani jiya," ya ce a hankali. "Ina wurin gawayi, na yi nisa. Da gudu na taso, amma na yi nisa." Ya share ido da bayan hannu, ya miƙe. "Su ni zan gaya musu, wannan aikina ne. Umminki kuwa, wallahi ke za ki gaya mata."

Bai kai ga ƙofar ba aka turo ta daga waje. Ummi ce, fuskarta kamar an yi mata albishir da Aljanna, yadi biyu a kafaɗarta, waya a maƙale a kunne.

"Riƙe min, ya ukhti, ga amaryar nan," ta ce wa wayar. Ta baza yadukan a kan ƙafata mai ciwo. "Yalla, Dalal, mai ɗinki yana jira. Ja ko ruwan gwal?"